Ban yi kuka ranar jana'izar Baba ba, sai da na ga ana ƙwallon kwando

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Houston, jihar Texas ta Amurka:

"Mahaifina ya rasu a watan Janairu yana da shekara 81. Ya zo Houston ƙaro karatu a 1980, muka biyo shi ni da Mama, a nan kuma muka zauna. Ni ce 'yar farinsa. Tun ina ƙarama ni da shi muke kallon ƙwallon kwando ta Jami'ar Houston, ƙannena maza ba su taɓa damuwa da ita ba. Ranar jana'iza ko ɗigon hawaye ban yi ba, ni na tsaya a kan komai. Amma makon jiya na shiga wani kanti na tarar ana nuna wasanmu a talabijin, sai kuka ya ƙwace mini har na kasa tuƙa mota. Kunya nake ji. A ce wasa ne zai sa ni kuka, ba gawar ubana ba? Ga Maris ya matso, watan babbar gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, Mama kuma tana takaba. In kalli gasar ko in ƙaurace mata? Kuma yaya zan yi da tikitinsa na kakar wasa da takardun hasashen sakamakon gasar da ya tara?"

Amsa:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi, ke da Mama da ƙannenki.

'Yar'uwata, kunyar nan zan fara sauke miki, don ita ta fi komai nauyi a wasiƙarki. Mahaifinki kika yi wa kuka a kantin nan. Aikina shi ne zama da iyalai a lokacin jinyar ƙarshe da kuma watannin da ke biyo bayan rasuwa, kuma abin da kika kwatanta yana cikin abubuwan da na fi ji daga bakin manyan 'ya'ya.

Ranar jana'iza aiki yana yi wa 'yar fari yawa, a ƙasar nan ma ya ninka. Ga takardun asibiti, ga neman a saki gawa da wuri don a binne a kan lokaci, ga kuɗin kabari, ga wayoyi daga gida cikin tsakar dare saboda bambancin lokaci, ga abincin masu zaman makoki, ga uwa da za a riƙe. A irin wannan hali jiki yakan ɗaure kansa, ya ture zafin gefe har a gama abin da ya wajaba. Da yawa sukan ce mini ji suka yi kamar daga nesa suke hangen kansu suna kai-komo. Wannan ba ƙeƙashewar zuciya ba ce. A kantin nan kuwa babu wanda kike riƙewa, ba ki shirya wa komai ba, sai ga jajayen rigunan Houston da ƙarar takalma a kan katako. Abin da aka ture gefe ya samu hanya.

Akwai wata mai bincike a Jami'ar Arizona, Mary-Frances O'Connor, da ta daɗe tana nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki a lokacin jimami. Bayaninta shi ne mutum yana iya sanin cewa nasa ya rasu, ya ga gawa, ya karɓi gaisuwa, amma wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa da ya shekara da shekaru yana sa ran ganin mutumin a wuri kaza a lokaci kaza bai karɓi labarin ba tukuna. Ba a sanar da shi da baki, sai ya yi ta cin karo da rashin a kowane wurin da ya saba samun mutumin. Kamar wanda aka sauya wa ƙofar ɗaki ne, hannunsa zai daɗe yana lalubenta cikin duhu a inda take a da. Ke wurin da kika fi sabawa da samun Baba shi ne gefenki idan an jefa ƙwallo sama. Kuma rashin ya zo miki a tsakiyar kaka. Ƙwallon kwandon jami'o'i tana farawa a Nuwamba, ta ƙare a farkon Afrilu, a Janairu da Fabrairu kuwa kusan sau biyu ake wasa a mako. Kowane wasa alƙawari ne da kuka saba cikawa tare.

Amma me ya sa wannan wurin ya fi sauran zafi? A nan zan ɗan daɗe, domin ina ganin nan amsarki take.

Iyayenmu maza da aka haifa a shekarun 1940 ba a rene su da furta wa 'ya'ya ƙauna ba. Ga ɗan fari kuma akwai alkunya. A gidaje da yawa uba ba ya kiran sunansa, ba ya jansa da wasa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi, ko da kuwa shi ne ransa. Zaman Amurka yana sassauta wannan, amma ba ya goge shi. Sai ki duba abin da kallon wasa yake yi. Kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, ido a kan talabijin, ba wanda ya tsare wani da kallo. Dattijon da ba ya ɗaga murya a gida zai miƙe tsaye ya yi ihu, ya tafa da ke, ya tambaye ki ra'ayinki a kan canjin da koci ya yi, ki musa masa, ya saurara. Wasan minti 40 ne a agogo, amma yakan ci awa biyu, kuma cikin awa biyun nan ba a bukatar kowa ya faɗi abin da al'ada ta hana shi faɗa. Na sha jin 'ya'ya suna cewa ba su taɓa yin wata doguwar hira da mahaifinsu ba, sai in tambaye su abin da suke yi tare, sai ka ji gona, ko gyaran mota, ko sauraren labaran rediyo da asuba, ko ƙwallo. A nan hirar take. Ke da kika zauna kusa da shi fiye da shekara 40, alhali maza sun tashi sun bar wurin, ya san abin da hakan yake nufi.

Ki kuma tuna wace ƙungiya ya zaɓa, da lokacin da ya zaɓe ta. A shekarar da Baba ya sauka Houston, a ita ce wani dogon yaro daga Legas ya iso jami'ar, Hakeem Olajuwon, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem. Da ƙwallon ƙafa da ta hannu ya taso, bai daɗe da fara ta kwando ba. Ki ƙaddara ɗalibi ɗan Nijeriya da ya baro gida da dangi, yana fama da karatu da kuɗin haya da baƙunta, kwatsam sai ga ɗan ƙasarsa, Musulmi, ya zama abin magana a duk Amurka. Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, a birnin nan a shekarun nan kowa nasa ne Hakeem. Ƙungiyar Guy Lewis, da Clyde Drexler da sauransu, wadda aka yi wa laƙabi da Phi Slama Jama saboda yawan dankara ƙwallo a kwando daga sama, ta kai zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe shekara uku a jere, daga 1982 zuwa 1984.

Sai daren 4 ga Afrilu, 1983, a Albuquerque. Houston ce ta ɗaya a ƙasa, ta ci wasa 26 a jere, ta lallasa Louisville a wasan kusa da na ƙarshe, ba wanda ya ba North Carolina State wata dama. Aka je hutun rabin lokaci Houston tana baya, ta dawo ta wuce gaba, sai ta rage gudu tana cin lokaci, abokan karawa suka kamo ta a maki 52 da 52. Saura 'yan daƙiƙu Dereck Whittenburg na North Carolina State ya cilla ƙwallo daga nesa, ba ta kai kwando ba, abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara. Aka tashi 54 da 52, kocinsu Jim Valvano yana gudu a fili yana neman wanda zai runguma. Hakeem ya ci maki 20 a daren, aka ba shi gwarzon gasar duk da an doke su, kuma har yau ba a sake ba ɗan ƙungiyar da ta sha kashi wannan kyauta ba. A shekara ta gaba suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Kina yarinya ƙarama a lokacin, kuma ina kyautata zaton a irin wannan dare kika fara ganin fuskar mahaifinki ba tare da ya ɓoye abin da ke ransa ba.

Shekara 41 ya jira kafin Houston ta sake kaiwa wasan ƙarshe. A Afrilun 2025 a San Antonio, Houston tana bayan Duke da maki 14 saura kamar minti takwas, ta farke ta ci 70 da 67. Kwana biyu bayan nan, a wasan ƙarshe, ta ba Florida tazarar maki 12 a rabi na biyu, aka kamo ta, aka tashi 65 da 63, ko jefa ƙwallon ƙarshe ba ta samu yi ba. Wannan ce gasar ƙarshe da kuka kalla tare. Don haka idan cikin kukanki akwai takaicin cewa ya tafi bai ga an ɗaga kofin nan ba, kada ki raina wannan takaicin. Kuma in Allah ya sa wata rana suka ɗauka, ki sa a ranki murnar za ta zo da zafi mai tsanani. Masu jimami da yawa sun fi shan wuya a ranar farin ciki, don a ranar ne hannu ke kaiwa waya.

Ta fuskar addini, fatawa ta malamai ce, amma abin da zan faɗa sananne ne. Da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna ƙin ƙaddara. Akwai kuma ruwayar da ta fi kusa da halinki. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, 'yar'uwarta Hala ta zo ta nemi izinin shiga, ya ji irin sallamar Khadija a muryarta, hankalinsa ya tashi zuwa gare ta nan take. Murya ce kawai a bakin ƙofa. Idan sauti zai iya yi wa mafificin halitta haka, ba ki da dalilin tuhumar imaninki don ƙarar filin wasa ta tuna miki da mahaifinki. Idan kukan ya zo, ki bi shi da addu'a. Addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa ga mamaci, kuma duk abin da ya tuna miki da shi har kika roƙa masa gafara ya yi masa amfani.

Batun kallo ko ƙauracewa, ba zan zaɓar miki ɗaya ba, domin ba dole ne ki yi ɗaya kaɗai ba. Kila kin taɓa jin cewa jimami yana da matakai biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Elisabeth Kübler-Ross ta kawo wannan a 1969 daga hirarta da marasa lafiya da ke fuskantar mutuwarsu, kuma masu bincike daga baya ba su samu cewa waɗanda aka yi wa rashi suna bin tsani irin wannan ba. Abin da na fi gani a aikina ya fi dacewa da bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan a 1999. Sun ce mai jimami yana kai-komo ne, wani lokaci ya fuskanci rashin, wani lokaci ya juya masa baya ya shiga harkokin rayuwa, kuma wannan kai-komon shi ne lafiya. Wanda ya maƙale a gefe ɗaya shi ke shan wuya.

Saboda haka ki tsara Maris ɗinki tun yanzu, kada ya same ki ba shiri. A garin Houston ba za ki iya guje wa gasar gaba ɗaya ba, tana talabijin ɗin kowane kanti da bakin kowane abokin aiki har mako uku. Ranar Lahadin da ake sanar da jadawalin ƙungiyoyi za ta iya fi miki zafi a kan wasannin kansu, in dai a ranar kuka saba zama da biro da takarda. Shawarata ki zaɓi wasa ɗaya na farko-farko, ki kalle shi a gida, ba a filin wasa ko gidan abinci ba, tare da mutum ɗaya da ya san halin da kike ciki kuma ba zai ce miki ki yi shiru ba. Ki ba kanki izinin kashewa a hutun rabin lokaci. In kin ga ba za ki iya ba bana, ki bari a ɗauka miki, ki kalla daga baya kin riga kin san sakamako, ya fi sauƙi ga zuciya. In ma ba ki kalli ko ɗaya ba, ba ki ci amanarsa ba. Ki kuma tuna yadda gasar take. Duk ƙungiyar da aka doke sau ɗaya ta fita, ma'ana dukansu ban da ɗaya da shan kashi suke rufe shekararsu, kuma kyamara tana son nuna 'yan ajin ƙarshe suna kuka sun san ba za su sake sa rigar makarantar ba. Ganin haka bana zai taɓa ki fiye da kullum. Kada ki tuƙa mota nan da nan bayan wasa.

Mama kuwa, takabarta ta wata huɗu da kwana goma za ta kai har cikin Mayu, gasar duka a cikinta za a yi. Kada ki yanke mata hukunci cewa ƙarar wasa za ta dame ta. Ki tambaye ta. Wata matar ba ta son ji ko kaɗan, kuma sai a girmama wannan, ki kalla a wani wuri. Wata kuwa ta shekara 40 tana jin wannan hayaniya daga kicin, tana mita a kanta, yanzu shirun falon ne yake hana ta barci. Na taɓa zama da wata dattijuwa da ba ta san ko dokar wasa ɗaya ba, amma ta roƙi 'ya'yanta su riƙa kunna shi a lokacin da mijinta ya saba. Mama ta san wani Baban da ke ba ki sani ba, ɗalibin 1980, kuma wataƙila zancen ƙwallo ne zai buɗe bakinta a kansa.

Akwai abin da zan matsa miki a kansa, shi ne abokansa. Mutumin da ya bi ƙungiya ɗaya tun 1980 yana da waɗanda yake bugawa waya bayan wasa, tsofaffin ɗalibai irinsa, wasu suna nan Houston, wasu sun koma gida. Su ma sun yi rashi, kuma ba wanda yake zuwa yi musu gaisuwa. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Aka ce masa ai ɗan abu kaɗan ya ishi irin waɗannan, ya ce mahaifin mutumin nan aminin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. Ki duba wayar Baba, ki ga su wa ya kira a daren 7 ga Afrilu, 2025. Ki kira su ranar da Houston za ta yi wasa, ki gaishe su, ki ce kin san da yana nan da ya kira. Za ki ji labaran da ba a ba da su a zaman makoki. Shi kansa kocin ƙungiyar, Kelvin Sampson, ɗan koci ne. Mahaifinsa Ned ya horar da 'yan sakandare a Pembroke ta North Carolina, ya rasu a farkon 2014, 'yan makonni kafin Houston ta ɗauki ɗansa aiki, kuma yau ɗan Kelvin, Kellen, yana zaune kusa da shi a benci. Idan kina da 'ya'ya ko 'ya'yan ƙanne da ke son wasan, ki zaunar da ɗaya kusa da ke, ba don ya cike gurbin kakansa ba.

Takardun hasashen da ya tara, kada ki zubar, kada ki bari a haɗa su da kayan da za a raba cikin gaggawa. Rubutun hannunsa ne, da shekaru a jere, da taurin kansa a kan ƙungiyar da yake so. Ki ɗauki hotonsu, ki sa na asali a jaka ɗaya. In kina son ki cika taki bana, ki cika, har ki cika wata yadda kika san shi zai cika. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne irin wadda ake zuba kuɗi a ofisoshi wanda ya fi dacewa ya kwashe, wannan caca ce. In kina son kuɗi su shiga ciki, ki ware sadaka da sunansa duk ranar da Houston ta yi wasa, ta ci ko ba ta ci ba.

Kuka a kanti wata ɗaya ko biyu bayan rasuwa ba ciwo ba ne, kuma zai iya dawowa Maris na baɗi da na bayansa, da sauƙi-sauƙi. Abin da ke sa mu damu daban ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun sa jimami mai tsawo cikin jerin cututtuka a 2022, kuma ba sa kiransa haka ga babba sai an shekara da rasuwar, mutum yana nan kusan kullum cikin begen mamacin har ya kasa aiki da hulɗa. Kafin shekarar ma, idan barci ya ƙaurace miki makonni, ko kin daina cin abinci, ko kin kasa zuwa aiki, ki ga likitanki. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki kira 988, layin agajin gaggawa na Amurka ga masu irin wannan tunani, a take, dare ko rana. In kuma Baba ya yi jinyar ƙarshe a ƙarƙashin masu kula da marasa lafiyar da ajali ya kusanto, dokar Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ta wajabta musu tallafa wa iyali a kan jimami har shekara guda. Iyalanmu ba su cika karɓa ba don suna ganin abin na Turawa ne, alhali haƙƙinku ne, kuma kina iya neman mai ba da shawara da ya san Musulunci.

Tikitin kakar wasa shi ne abin da ba na so ki yi gaggawa a kansa. Ki kira ofishin tikiti na jami'ar, ki sanar da su rasuwar, ki tambayi ƙa'idarsu ta mayar da kujeru ga iyali da ranar ƙarshe ta sabuntawa, ki rubuta ranar. Sauran wasannin gida na bana ki ba ɗaya daga cikin abokansa in ba za ki iya shiga Fertitta Center, filin wasan ƙungiyar, ba tukuna. In aljihu zai ɗauka, ki sabunta na shekara ɗaya ko da ba ki da tabbacin za ki je, domin kujerar da aka saki da wuya ta dawo, kuma yadda kike ji a Fabrairu ba lallai ne haka za ki ji a Nuwamba ba.